Cokali Uku na Garin Kori

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan kina lafiya, ya aiki, ya fama da zafin wuta? Mu nan lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba.

Na san za ki ce wa ke rubuta wasiƙa a zamanin nan. To, ni ce. Sau bakwai na kira ki a makon nan, in ba a ce kina kan aiki ba, to ƙarar tukwanen otal ɗinku ba ta barina in ji ko "na'am" ɗinki. Kuma abin da zan aiko miki ba ya shiga waya. Ki duba cikin ambulan a hankali, akwai ɗan ƙullin leda. Don Allah kada ki yi atishawa a kansa.

Garin korin Umma ne, na cikin kwalbar nan mai jan murfi da take ɓoyewa bayan gwangwanin shayi. Wata bakwai ke nan da rasuwarta, kuma duk wata bakwai ɗin nan da shi nake lallaɓa Baba. Kaza ce, dankali ne, wake ne, in dai na barbaɗa kaɗan a ciki sai ya cinye har ya suɗe cokali. Har shinkafar madarar nan mai sukari, wadda Umma ke sa wa kori a bakin cokali, duk Laraba sai ya tambaye ta. Da na ga kwalba ta yi ƙasa sai na sayo na kanti, na zuba a ɓoye. Loma ɗaya ya yi ya ajiye cokali, ya ce, "Alhamdu lillahi, na ƙoshi." Yaya, mutumin da ko kumallo bai karya ba!

Yanzu wando zamewa yake yi a ƙugunsa, huda biyu na ƙara wa bel ɗinsa. Likita ya ce babu wata cuta a jikinsa, abinci kawai zai ci. Na ce likita, ai nan gizo ke saƙar.

Cokali uku ya rage a kwalbar. Na aiko miki ɗaya, saura biyu. Ke ce kuku, ke Allah ya ba hanci, tun muna yara daga ƙofar gida kike faɗin abin da ke kan wuta. Umma ba ta taɓa rubuta haɗin nan ba, da hannu take aunawa, ni kuwa kin san ni da turmi ba ma ga maciji, da na ji an ɗauko taɓarya sai ciwon kai ya kama ni. Yau ga shi ina cizon yatsa. Ki shinshina, ki gano abin da ke ciki, ki haɗo mana. Ki ba Dogo direban motar Laraba, ya san gida.

Baba bai san na rubuto ba. Ki gaida abokan aiki.

Ƙanwarki,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Saƙo ya iso, na gode. Ina gaida Baba da jiki, Allah ya ƙara sauƙi.

Ba wani abin wahala ba ne. Kurkum ne ya fi yawa, sai busasshiyar citta, hulba, masoro, kanumfari, kirfa, gyaɗar ƙamshi kaɗan, barkono kaɗan, da ɓawon lemo busasshe. Ɓawon lemon ne ya sa na kanti bai yi kama da shi ba. Kin tuna yadda take shanya shi a kan tagar madafi, mu muna zaton mantawa ta yi ba ta zubar ba?

Abu ɗaya na gyara. Hulbar da ke cikin wanda kika aiko ta ƙone, akwai ƙauri da ɗan ɗaci a ƙarshen harshe. A da ba haka take yi ba. Ina jin tsufa ne, ido ya rage, ko wutar ta fi ƙarfinta. Nawa na soya shi daidai, kamar yadda na san shi muna yara.

Ga babbar kwalba nan, za ta yi muku wata shida. Ki daina barbaɗawa a kan dafaffen abinci kamar gishiri. Ki soya albasa ta yi laushi, ki zuba garin a cikin mai, ki juya har ƙamshi ya tashi, sannan kaza ta shiga, sannan ruwa. Shinkafar madara kuma, kirfa kaɗai ta ishe ta. In ya nace, ki sa abin da bai wuce ƙwayar wake ba, bayan kin sauke.

In kin ga takardar ta ɗan jiƙe, albasa nake yankawa lokacin da na buɗe ƙullin.

Ki sanar da ni in ya ci. Ki huta lafiya.

Yayarki

*

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Kwalba ta iso lafiya, Dogo ma ya ce motarsa ta kwana tana ƙamshi, fasinjoji na tambayar ko gidan abinci ya buɗe.

Na bi maganarki tiryan-tiryan. Wallahi ban taɓa yin girki irin na ranar ba. Matar tela ta maƙwabta ta shigo wai aron ashana ta zo, alhali ga ashana a hannunta. Na kai wa Baba. Ya ɗaga murfi, ya shaƙa. Can ya yi murmushi ya ce, "Wannan hannun Uwata ne." Kin ji, ban faɗa masa ba, shi ya gane ki, har ya ambaci sunan da yake kiranki da shi. Ya yi loma uku, ina ƙirgawa. Sai ya ajiye cokali ya ce, "Ya yi daɗi. Ya ma fi daɗi. Amma ba shi ba ne."

Shekaranjiya jiri ya ɗebe shi a bakin ƙofar ɗakinsa, Allah ya sa ina kusa. Dole na buɗe kwalbar Umma na yi masa shinkafar madara, ya sha rabin kwano. Saura cokali ɗaya, Yaya. Ɗaya tak. Ina kallonsa kamar mai kallon ragowar ruwa a tulu.

Yanzu bari in faɗi abin da ke raina, in kin ga dama ki yi fushi, ai kin saba. Wa ya ce ki gyara? Haɗin Umma na roƙa, ba na otal ba. Halinki ke nan tun da kika dawo daga makarantar girki da farar hularki. Ko kin manta ranar da ƙannen Baba suka zo, Umma ta kawo shinkafar madararta tana fara'a, kika ɗanɗana kika ce a gaban kowa, "Kori a cikin madara? Umma, wannan ai rashin sani ne"? Ni ban manta ba, ina riƙe da tire. Shekara tara ba ki taka gidan nan ba sai da aka ce ta rasu, kika kwana biyu, ko madafi ba ki leƙa ba, kika koma. Yau kuma tana kabari kina gyara mata girki.

Na faɗa, na huta. Duk da haka ke kaɗai gare ni, kuma kewarki nake yi kamar me. Gidan nan ya yi mana girma, ni da Baba da agogunansa masu ƙara. Ki sake gwadawa, don girman Allah.

Taki,
Auta

*

Auta,

Na ga wasiƙarki. Ban yi fushi ba, gaskiya kika faɗa, sai dai rabi kika faɗa. Kin ji abin da na ce, amma kin fita da tire kafin ki ji amsarta. Cewa ta yi, "To je ki dafa wa waɗanda suka waye." Na tafi. Muna gaisawa a waya, tana tambayar lafiyata, ina tambayar ƙafarta, amma ko sau ɗaya ba ta ce in dawo ba. Ni kuma na gaji taurin kanta, kin sani.

Madafin da kika ce ban leƙa ba, na je har bakin ƙofa. Na hango zaninta a rataye a ƙusa, sai na juya ban shiga ba.

Maganar kori, sau goma sha ɗaya na sake haɗawa a kan sikeli. Komai daidai yake, ƙaurin nan ne kawai bambanci. Na ƙona hulba da gangan, minti ɗaya, minti biyu, minti uku, babu wanda ya yi kama. Ragowar abin da kika aiko ya kusa ƙarewa wajen gwaji. Ki tambayi Baba ko ta canza kasko, ko ta koma wata irin wuta. Ba na son in yi ta lalube a duhu alhali yana ramewa.

Kuma tunda yau ranar tonon asiri ce: a ɗakina, ranar da ba ni da aiki, nakan dafa shinkafar madara in sa mata kori a bakin cokali. Ban taɓa ba kowa ba. Ita ce da gaskiya, yana fito da zaƙin madarar. Na gane haka da daɗewa, na kasa ɗaga waya in faɗa mata.

Ki gaishe shi.

Yayarki

*

Zuwa ga ɗiyata, Uwata,

Da sunan Allah nake farawa. Bayan sallama irin ta addini, ina yi miki fatan alheri da albarka a cikin sana'arki. Ki yi haƙuri da rubutun, hannun da ya shekara arba'in yana gyaran agogo yanzu alƙalami ma gardama yake yi masa.

Auta ta karanta mini takardarki. Ta so ta tsallake wasu wurare, na ce ta karanta duka, kunnena ne ya yi nauyi, ba hankalina ba. Kin yi tambaya a kan kasko da wuta. Kasko shi ne dai baƙin nan mai karyayyen hannu, wuta ma ba ta canza ba. Kuma idon mahaifiyarki garau yake har ta koma ga Mahaliccinta, ita ke zura mini zare a allura.

Ga yadda abin yake. Kin san ranar Laraba take haɗa korinta, kaɗan-kaɗan, na mako guda, sai a shekarar ƙarshe ne ta riƙa tarawa a kwalba. Takan ɗora hulba a wuta wajen ƙarfe huɗu na yamma. To ƙarfe huɗu da 'yan mintoci ne motar Laraba take tsayawa a kan kwanar layinmu, wadda ke zuwa daga wajenku. Tun makon da kika tafi, da ta ji ƙahon motar sai ta rage wuta, ta bar kaskon, ta fita bakin ƙofa tana goge hannu da zani. Takan tsaya har fasinja na ƙarshe ya sauka, har motar ta tashi. Sannan ta dawo ta ce mini, "Iska na sha." Ni kuma ina kan teburina, agogo goma a gabana, ba na iya hana kaina dubawa. Minti shida ne, wani lokaci bakwai in akwai masu kaya. Ke kin tsaya a uku, kuma ina jin wutarki ta otal ce mai ƙarfi.

Ranar farko na ce mata hulbar nan ta yi ƙauri. Ta ce, "In ba ka so ka bari." Na ci. Shekara tara ina ci, har bakina ya manta da na da. Shinkafar madarar ma saboda ke take dafa ta duk Laraba, wai ko da za ki sauko da yunwa, don tun kina rarrafe ita ce abincinki. In motar ta wuce sai mu zauna mu biyu mu shanye.

Kin ce ba ta taɓa cewa ki dawo ba. Gaskiya ne, bakinta bai faɗa ba. Ni ma ban faɗa ba, kuma wannan laifina ne, ina ganin kamar shiga tsakanin uwa da 'ya ba aikin namiji ba ne. Na yi kuskure, Allah ya yafe mini.

Korinki ya fi nata kyau, ba na musu. Amma in na ci nata, ina jin kamar tana bakin ƙofa ne, yanzu za ta shigo. In na ci naki sai in tuna babu mai jiran kowa a gidan nan. Shi ke nan abin da ya hana ni ci, ba wani ciwo ba.

Ban rubuto don in ɗora miki nauyi ba. Ta yafe miki tun kafin ki kai tasha, ni shaida ne. Cokali ɗayan da ya rage na ce Auta ta bar shi, ba za a taɓa ba. Ina kewarki, Uwata. Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki

*

Auta,

Sallama. Na karanta takardar Baba. Wannan karon babu albasa a kusa da ni.

Na karɓi hutu. Ranar Laraba ki jiƙa shinkafa tun da hantsi, ki sayo madara, kada ki dafa, ni zan dafa. Ki wanke baƙin kaskon. Ƙarfe huɗu ki ɗora hulba, wuta kaɗan. In kin ji ƙahon motar Dogo, ki bar kaskon ki fito bakin ƙofa, ki riƙo hannun Baba. Kada ki koma don kin ji ƙauri, bar ta ta ƙone.

Ki ce masa ya duba agogonsa. Ina da kaya da yawa, ni ce zan sauko ƙarshe.

Sai na zo.

Yayarki