Ƙarfen Masta Mumuni

Yaya Habibu,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina sanyin Turai? Yaya Anti Rabi da yara? Mu nan Tafo lafiya lau, ƙafar Mma ma ta yi sauƙi.

Wani abu ya faru a gidan motsa jikin da ka bar mini. Ka tuna Masta Mumuni, makanikin unguwar Suame da ka fara horarwa? Ƙaramin nauyi ya daina yi masa komai, sai na canza masa tsari. Yanzu yana kwanciya a kan benci, yana sauke ƙarfe mai nauyi zuwa ƙirji a hankali, in ya gaza ɗagawa ta ƙarshe sai in tallafa masa.

Ranar Asabar da hantsi mu biyu ne kaɗai. Waya ta ɗauke mini hankali, na fita bakin ƙofa. Ina juyowa na ga ƙarfen ya danne masa ƙirji, idonsa a rufe. Kafin in ɗaga ƙafa, ƙarfen ya tashi sumul ya koma mazauninsa.

Ya miƙe yana haki, ya ce, "Awudu, Allah ya yi maka albarka. Amma yau hannunka sanyi kamar ƙanƙara."

Wallahi Yaya, taku goma ne tsakaninmu. Na kasa gaya masa ba ni na ɗaga ba.

Ka taɓa ganin haka a ɗakin nan? Kada ka ɓoye mini. A gaishe da Anti Rabi, ku sa ni a addu'a. Jibi Masta Mumuni zai dawo, ya ce in ƙara masa nauyi, tunda yanzu ya yarda da hannuna.

Ƙaninka,
Awudu