Kunyar da Kika Yaba Mini, Inna

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Inna. Bayan gaisuwar da ɗiya ke yi wa mahaifiyarta, ina fatan Allah Ya yalwata miki makwancinki. Na san wasu ne za su karanta wannan ba ke ba. To, su karanta, su ma maganar ta shafe su.

Nafisa, autarki, ta haihu. Namiji ne. Ta haihu a Damazin, a ɗakin da ƙanwarki Goggo Amina ta ba mu tun da yaƙi ya tashe mu daga garinmu Wad Haddad. Ta sha wuyar naƙuda. Mijinta yana can wajen haƙar zinari, wayarsa ma sai an dace.

Ba ta duban yaron, Inna. In an miƙa mata shi, nono take ba shi fuskarta na kallon bango. Abinci yana bushewa a gabanta. Goggo Amina kuwa baki har kunne, duk matar da ta shigo barka sai ta nuna mata ita: ga ɗiyar asali, ga kunyar ɗan fari irin ta kakanninmu na Sakkwato, ba irin 'yan yau masu sumbatar jariri a gaban surukai ba.

Na san wannan yabon. A bakinki na fara jin sa.

Kin tuna da na dawo gida wankan jegon haihuwata ta fari? Lokacin cirar auduga ne. Kafin ki tafi gona kin dafa ruwa, kin zabge ni da ganyen darbejiya har fatata ta yi ja, kin dama kunun kanwa kin tsaya a kaina sai na shanye. Jikina dai kin kula da shi, ba zan ci amanarki ba. Daga nan ki ja ƙofa, a bar ni da jaririyar har la'asar.

Ina kallonta kamar ɗiyar maƙwabta. Na yi ɓari kafin ita, na roƙi Allah har na gaji, ga ta ta zo kuma zuciyata shiru. In ta yi barci ni ba na iyawa. Hawaye na zuba ban san dalili ba. Na ɗauka ni ce mafi munin uwa da aka taɓa yi a duk yankinmu na Jazira.

Sau ɗaya na gwada faɗa miki. Kika ce, "Wadda Allah Ya ba ɗiya, mi za ta yi ma kuka? Share, kada nono ya ɓaci." Washegari kika amso mini rubutu da turare wajen malam, wai iska ce ta shafe ni.

Ga abin da ba ki sani ba. Wata rana da hantsi bayan arba'in na tafi wanke tsummanta a tur'a, magudanar nan da ke shayar da gonaki. An saki ruwa, ya cika fal. Na tsaya a bakinsa ina tunanin yarinyar za ta fi jin daɗi a hannunki, kuma ba wanda zai yi asarar komai. Ba imani ne ya dawo da ni ba, ba zan yi ƙarya ba. Wata mata ce ta zo ɗiban ruwa ta ce in taya ta ɗora tulu.

Na shigo gida, na tarar kina gaya wa mata, "Ɗiyata ko kallon jinjirar ba ta yi, balle ta kama sunanta." Har da mai yin guɗa.

Sai a cikin da na yi bayan ita wata ungozomar asibiti a garin Kamlin ta tambaye ni yadda na ji bayan haihuwar fari. Ita ta gaya mini ciwo ne, yana da magani, kuma ya fi kama wadda ta sha wuyar haihuwa, ko ta taɓa rasa ciki, ko aka bar ta ita kaɗai ba miji kusa, ba mai tambayar zuciyarta. Ban yi murna ba. Haushi na ji, haushinki, kuma har kika rasu ban huce ba.

Amma kwanan nan wata maganarki ta hana ni sakat. Kina yawan alfahari da cewa, "Ni da na haifi yayanku, wata biyu ban san kamannin fuskatai ba." Aka kawo ki ƙauyen da ba ki da kowa, uwarki na nesa, Baba kullum yana gona. Inna, kunya ce? Ke wa ya tambaye ki? Ko ke ma kin taɓa tsayawa a bakin wannan ruwan, kika dawo aka yi miki guɗa?

Jiya Nafisa ta buɗe baki, karon farko da ta tambayi wani abu tun ranar suna. Ta ce ko kogi yana da nisa daga nan. Nafisar da ko tur'a ba ta yarda ta tsallaka ba tana yarinya.

Gobe zan kai ta asibiti. Goggo Amina ta ce mai jego ba ta fita kafin arba'in, wai zan zubar da mutuncin gidanku a garin mutane. To, ya zube. Kafin goben ina zaune a bakin ƙofarta da yaron a cinyata, ba inda za ta je ban bi ta ba.

Allah Ya jiƙan ki, Inna. Ya gafarta miki abin da ba ki sani ba, Ya saka miki da abin da kika haɗiye ba wanda ya ji. Ya bar mini ƙanwata.

Ɗiyarki,
Rakiya, uwar Zainabu. Sunan 'yar farina ke nan, na kuwa faɗe shi a gaban kowa.