Labulen Falo Kore Ne

Ya abin ƙaunata, inuwata a tsakar rana, ruwan sanyi a maƙoshina, ginshiƙin ɗakina, kafintana da ya sassaƙa wa kansa kujera a zuciyata ya zauna ya ƙi tashi!

Na so in fara da "hasken idona", kamar yadda muka saba kiran juna shekara goma sha tara, sai hannuna ya ƙi. Sau uku ina ɗora alƙalami ina ɗagawa. Kalmar da nake faɗa maka ina dariya, yau tsoronta nake ji.

Kada ka yi mamakin girman rubutun nan. Da alƙalaminka mai kauri na rubuta, wanda kake yi wa katako alama da shi, shi ya sa wasiƙar ta cinye rabin littafin makarantar 'yarmu Auta, kuma na san sai ta yi mini ƙorafi. Idan ka gaji a hanya, ko layukan suka cakuɗe maka, don girman Allah kada ka ninke ta ka sa a aljihu ka ce ka karanta. Kawo ta kicin in karanta maka da bakina.

Ka tuna ranar da muka tare a gidan nan? Ba mu da komai sai tabarma, tukunya biyu da bango huɗu. Ka tsaya a tsakiyar falo, ka kanne ido ɗaya, ka dubi bangon gabas ka ce, "Kanta uku za su shiga nan, ta huɗu sai ta ci taga." Na ce ka ɗauko abin awo mana. Ka ce, "Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima." Da ka kafa su, ko wuƙa ba ta shiga tsakaninsu da bango! Kai ka zaɓi labule shuɗi, wai don ya yi kama da mayafin da ka fara ganina da shi. Kai ka haɗa mini akwatunan shuka a bayan gida, ka durƙusa kusa da ni kana nuna mini tsiron karas a cikin ciyawa tun bai kai gashin gira ba. Wane ido ne ya kai naka? Idon da ke hango ƙusa a cikin ƙasa, idon da ke gane damuwata tun ban buɗe baki ba!

Wata huɗu ke nan kana tsokanata da sabon suna. Da ka shigo sai ka ce, "Injiniya, yau kuma me aka gano mana a waya?" Na shafa wa bakin matakalar ƙofa farin fenti, ka ce gidan ya zama filin jirgi. Na naɗe ƙaramar dardumar da ke tsakiyar falo, na ce ta tsufa. Na mayar da teburin shayi jikin bango. Na shuka na'ana'a a hannun dama na ƙofar baya, na jera fararen duwatsu daga nan har bakin famfo. Na zuba gishiri a gwangwani mai kusurwa, sukari a mai da'ira. Na sayo fararen faranti na daina zuba maka abinci a masu zanen fure. Ka yi ta yaba ni a gaban baƙi, wai matarka ta iya gyaran gida.

Masoyina, ba ado nake yi ba. Tsoro nake ji.

Na ga ranar da ƙafarka ta kuskure matakalar nan, ka dafa bango ka waiga ko akwai mai kallo. Ina bayan taga, ina yanka albasa, ita ta rufa wa hawayena asiri. Na ga yadda kake ɗora yatsa a bakin kofi kafin ka tsiyaya shayi. Na ga ka cire mini karas tas daga akwati na biyu ka bar ciyawa tsaye, ka shigo kana karkaɗe hannu kana cewa, "Na yi miki aikin gayya, sai a ƙara mini nama." Na ƙara maka naman, na koma kicin na jingina da ƙofa. Kai da ka koya mini karas!

Duk da haka na yi ta yi wa kaina ƙarya. Na ce gajiya ce, na ce ƙurar katako ce, na ce shekaru ne. Sai na yi abin da har yanzu nake jin kunyarsa: na gwada ka. Ranar Asabar da ta wuce na sauke shuɗin labulen nan, na rataya kore. Na zauna ina jiran ka shigo ka yi mini faɗa, ka ce wa ya ba ni izinin taɓa labulen amarcinmu. Wallahi ban taɓa ƙishin faɗanka kamar ranar ba! Ka shigo, ka zauna, ka dubi taga, ka yi murmushin nan naka mai kashe mini jiki, ka ce, "Shuɗin nan dai ya yi amana, shekara da shekaru bai koɗe ba." Na ce maka miya za ta ƙone, alhali ko wuta ban kunna ba.

Tun daga ranar ban san ɗanɗanon abinci ba. Kullum da safe kana fita, zuciyata na biye da kai har shagonka, ta tsaya a gaban injin nan mai haƙora da ke tsaga katako kamar ana yanka burodi. Me ya raba yatsanka da bakinsa in ba idonka ba? Waya ta yi ƙara da rana, gabana ya faɗi. Mota ta tsaya a ƙofar gida, gabana ya faɗi. Ka san dalilin da ya sa na koma zuba maka ruwan wanke hannu da kaina kafin cin abinci? Ka ɗauka sabuwar soyayya ce, har ka ce, "Ashe tsohuwar zuma ta fi zaƙi." Yatsunka nake dubawa, rabin raina, ɗaya bayan ɗaya, sai na ga goma cif sannan numfashina ke dawowa.

Na san abin da kake gudu. Na san Baba mahaifinka, Allah Ya jiƙansa, nake gani a fuskarka. Tare muka yi jinyarsa a ɗakin baya, yana zaune fuskarsa na kallon bango yana tambaya ko gari ya waye. Amma ka manta abin da likita ya faɗa mana a lokacin? Ya ce da an kawo shi da wuri, da akwai abin da za a gwada. Baba ya ɓoye, ya yi ta cewa lafiya lau, har ƙofar ta rufe. Kai kuma ga ka nan ka ɗauko hanyarsa taku bayan taku, kana ɓoye mini, ina ɓoye maka cewa na sani, muna zagaya juna a cikin gida ɗaya kamar baƙi. Har yaushe? Kai da kullum kake gaya wa Auta cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, yaya aka yi ka manta da ya zo kanka?

Ko kana tsoron in raina ka ne? Haba, sanyin idona, haba! Kai na aura, ko idonka? Idan duhun ne Allah Ya rubuto, ni zan zama fitilar da ba a hura mata iska. Zan shuka maka ƙamshi a kowace kusurwa har hancinka ya san gidan nan fiye da ƙafarka. Zan riƙa gaya maka ranar da tumatir ya nuna, in sa maka shi a tafin hannu da ɗuminsa. Ba zan ƙara gusar da ko cokali ba sai na faɗa maka. Amma ba zan yafe wa kaina ba, kuma zai yi mini wuya in yafe maka, idan ya zama akwai magani muka zauna muna gyaran labule har lokaci ya ƙure.

Na je asibitin ido na karɓo mana kati. Ranar Alhamis ne, ƙarfe tara na safe. Ban gaya wa kowa ba, ko Auta. Abu biyu nake roƙonka, da hannu bibbiyu. Daga yau zuwa Alhamis kada ka kunna injin nan, ko wa ya matsa maka da aikinsa. Ranar Alhamis kuma ka sa rigarka ka riƙe hannuna mu tafi. Idan aka tambaya, ka ce ni ka raka, ba zan ƙaryata ka ba.

Shuɗin labulen yana nan, na wanke shi na goge, na ninke shi a ƙasan akwatina. Ba zan mayar da shi ba sai ranar da ka dubi tagar nan ka ɗaure fuska ka ce, "Injiniya, wa ya sa miki wannan koren a falona?" Wannan faɗan nake roƙon Allah Ya nuna mini. Idan kuma ranar ba ta zo ba, zan rataya shi da kaina, in kama hannunka in ɗora a kai, in ce maka shuɗi ne, kuma wannan karon gaskiya zan faɗa.

Shekara goma sha tara kana kirana hasken idonka, ina ɗauka daɗin baki ne. To ga ni, ka yi amfani da ni.

Taka a haske, taka a duhu, har ranar da za a rufe nawa idon,

Injiniyarka.