Tuwona Ya Zaga Gida Ya Dawo, Malam

Zuwa ga mai gidana, Baban Asabe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana cikin ni'ima a makwancinka. In ka ga rubutun a karkace laifinka ne, kai ka tura ni ajin yaƙi da jahilci da goyo a baya.

Ka tuna lokacin da 'yan gurguzunku suka ci zaɓe a Kano, aka soke haraji? Ka shigo gida hula a karkace, ka rungumo tukunyar da za ta cinye rago sukutum, kana cewa daga yau ba mai cin tuwo shi kaɗai. Mu da ko kaza ba mu ajiye ba! Na yi maka dariya har na ƙware, amma ni ma na yarda. Duk layinmu an yarda. Har mai gyaran takalmi yana cewa ɗansa zai zama likita ba ko sisi.

Tukunyar nan ka sa na ɗauko har Jidda, muka zo umara muka maƙale. Ka tafi ka bar ni da ita a unguwar Mahjar. Yanzu jikokinka ke wanka a ciki.

Ciyayyar da ka kafa mana a gidan hayar nan, Malam, tana neman mutuwa. Shinkafa ta yi tsada, kafili, ubangidan mijin Asabe, ya riƙe masa iƙama, takardar zama, aiki sai a ɓoye. Asabe ta ce halas, shi ke nan, Inna, kowa ya ji da bakinsa.

Ranar Juma'a na yi taurin kai irin naka, na tuƙa tuwo na aika wa matar Badamagaren da ke sama. Kafin la'asar sai ga sallama, an kawo mini ciyayya daga ɗakin ƙasa, cikin wani kwano daban. Na buɗe. Tuwona ne. Ga ramin da nake yi da yatsa a tsakiya don man shanu.

Ashe kowacce cikin matan gidan ta juye a kwanonta ta miƙa gaba, don kada a gane tukunyarta ba ta hau wuta ba. Ya zaga gidan kaf, kowa ya samu, ba wanda ya ci. To, ga gurguzunka nan.

Na nemi dariyar da na saba yi maka, ta ƙi zuwa.

Na gaji, Malam. Gwiwa ta gaji, zuciya ta fi ta. Amma na kori jikokinka daga tukunyar, na wanke ta tas. Juma'a mai zuwa ba kwanon da zai fita. Kowacce ta sauko da ɗan abin da ke gare ta cikin mayafi ta zuba a tukunyar, ni in juya baya, sannan mu zauna mu ci tare. In ta cika, ka ci gardama. In ba ta cika ba mu ƙara ruwa, dama da shi take cika tun a Kano.

Allah Ya jiƙan ka, Ya kai haske kabarinka, Ya ajiye ka inda ba a jin kunyar yunwa.

Taka, wadda ka bar wa wankin tukunya,
Innar Asabe