Baba Ilyasu Ya Ce Mini Madam

Agadez, daren Laraba

Na kasa cin abinci. Baba Ilyasu ya tako tun daga unguwar Dagmanet cikin rana don ya ji na iso gari. Duk shekarun da na yi a ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam, "ɗiyata" yake ce mini. Yau tun daga ƙofa ya tuɓe takalmi, ya ce, "Madam, ranki ya daɗe."

Ɗansa Sani na kaso, wato kurkuku, tun da aka kwashe masu haƙar zinariya. Ba shari'a, ga tari ya kama shi. A gaban Baba na kira ministan da nake wa aiki a matsayin mai ba da shawara. Ya ce in bar zancen, kar in manta yanzu shawara ce aikina.

Da a da ne, da tuni ina gidan rediyo ina tona maganar. Na karɓi muƙamin nan ne don ina ganin in ina ciki za a fi jin maganata.

Baba bai yi fushi ba. Ya miƙe a hankali, ya ce, "Da in gwamnati ta ƙi mu, wurinki muke zuwa. Yanzu faɗa mini, wurin wa zan je?"