Fenti a Kan Zuciyar Makafi

Zuwa ga:
Mai girma Dakta Midhat Fikri,
Daraktan Gidan Kimiyya na Bakin Kogi, Minya.

Daga:
Ustaza Nagwa Abdul-Maugud,
Malamar kimiyya a ajin 'yan mata makafi.

15 ga Oktoba, 2024

Game da: Lalata Zauren Taɓawa saboda zuwan baƙo

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da girmamawa, ina gabatar da ƙorafina kamar haka:

1. Ranar Litinin, 14 ga wata, na kawo ɗalibaina Zauren Taɓawa, inda kaɗai ake barin makaho ya sa hannu a kan kaya. Tun daga ƙofa wari ya tare mu. Ashe saboda babban baƙon da ya zo daga Alƙahira ranar Lahadi, an bi zauren da fenti, yadda ake bin gefen titi da gindin bishiya duk lokacin da manya za su wuce.

2. Akwai zuciyar roba mai girman kankana. Jijiyar da ke fitar da jini an yi ta da kaushi, mai dawo da shi an yi ta da santsi, da haka muke bambance su. Yanzu duka an shafe su da jan fenti mai kauri. Allunan rubutun makafi ma ba a bar su ba, ɗigon ya nutse ƙarƙashin fenti. Ni kaina makauniya ce, shekaruna na koyarwa ba kaɗan ba ne, na shafa na shafa ban karanta harafi ɗaya ba.

3. Da na yi magana, mai kula da zauren, Ammu Subhi, cewa ya yi, "Haba Ustaza, da kina gani da kin sa mana albarka, ƙyalli kamar motar amarya!" Ranka ya daɗe, wa aka gina wa zauren nan? Mu ko mai ɗaukar hoto?

4. Ɗalibata Rawiya Shahhat ce abin ya fi shafa. Mahaifinta ya dage sai ya cire ta daga ajin kimiyya, wai makauniya ba ta da abin yi da shi. Da ƙyar na shawo kansa ya yarda zai zo ranar Alhamis, 24 ga wata, ya ga 'yarsa tana bin zuciyar nan da yatsa tana faɗin sassanta. Idan ta kasa, shi ke nan. Jiya ta tsaya tana lalube, tafinta duk danƙon fenti, ta tambaye ni a hankali ko ita ce ta manta.

Saboda haka ina roƙon mai girma Darakta ya sa a kankare fentin, a sabunta allunan kafin ranar, kuma kada a ƙara taɓa zauren ba tare da an tambayi makaho ba. In ba haka ba, ba ni zan yi wa Malam Shahhat bayani ba. Zan riƙo hannun Rawiya, shi yana biye, mu hau bene zuwa ofishinka, ka gaya mata da bakinka cewa ba ita ta manta ba.

Ka huta lafiya, tare da cikakkiyar girmamawa.

Nagwa Abdul-Maugud