Kik Ɗin Motar Baba

Yaya,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya iyali? Mu nan lafiya, sai tsohuwar motar Baba da ta ƙi tashi. In an murɗa makulli sai ta yi "ƙas" ta yi shiru. Baba ya ce kik ne, wato na'urar da ke tayar da injin, har ya kwance shi ya baje a kan tabarma. Ya wanke, ya sauya burushi, ya mayar, shiru kake ji. Jiya maƙwabta suka tura masa motar har bakin titi ba ta tashi ba, ya dawo gida bai ko taɓa abinci ba. Kai da ka gaji sana'arsa, me ka gani?

Ƙanwarka,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Ki gaida kowa. Kunna fitilar gaba, sannan a murɗa makulli. In hasken ya dushe, wuta ce ba ta isa. Duba kan batir, in ya yi farin gari a kankare a ɗaure tam. In hasken bai motsa ba, to sai a zargi kik.

Tsakanina da ke, kunnen Baba ya gama aiki. Da can daga ɗaki yake gane ciwon mota, yanzu lalube kawai yake. Ki lallaɓa shi ya ajiye sifana kafin ya zama abin dariya a unguwa.

Yayanki

*

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ban san ta inda zan fara ba. Wasiƙarka ta iso Baba na zaune a ƙofar gida da abokansa. Da ya ji daga gare ka ne, sai ya ce, "Karanta da ƙarfi, su ji yaron da na koya wa aiki." Ni kuwa ban duba ba tukuna. Sai da na wuce "kunnen Baba" bakina ya tsaya. Ya ce, "Ƙarasa mana." Na ƙarasa. Da ƙasa za ta tsage da na shige.

Abokan suka sulale ɗaya bayan ɗaya. Shi kuma ya tashi ya buɗe bonet, ya ce in kunna fitila in murɗa makulli. Ta dushe. Ya kankare kan batir da kansa, bugu ɗaya mota ta tashi. Bai yi murna ba. Ya daɗe tsaye yana goge hannu, sannan ya miƙo mini makullin ya ce, "Gaya masa ya yi gaskiya." Tun ranar bai sake zama a ƙofar gida ba.

Ka yafe ni.

Auta

*

Auta,

Salamu alaikum. Ba laifinki ba ne, hannuna ne ya rubuta. Na ɗauki biro zan rubuta wa Baba, na kasa wuce sallama.

Na karɓi hutu, ina tafe ranar Asabar. Ki mayar masa da makullinsa, ki ce ina roƙon ya zo tasha ya ɗauke ni. In bai zo ba, zan tako da ƙafa.

Yayanki